Babi na Shida: Kanikanci da Tsimin Mai a Ƙasar Sabon Birni da Isa

Mafi yawan motocin da ke zirga-zirga a gabashin Jihar Sakkwato an ƙera su ne domin ƙasashe masu sanyi da shimfiɗaɗɗiyar kwalta da tsabtataccen fetur, kuma sun riga sun yi shekaru suna aiki a Turai ko Amurka kafin su faɗo hannun direban da zai ɗora musu buhunan albasa ya ratsa yashi da su a tsakiyar bazara. Tazarar da ke tsakanin abin da maƙeran mota suka tanada da abin da ƙasar Gobir ke buƙata ita ce fagen aikin bakanike a Sabon Birni da Isa. A ƙasashen da motocin suka fito, masu sha'awar mota kan taɓa inji domin ya ƙara gudu, alhali a nan ana taɓa shi ne domin ya jure ƙura da zafi, ya ɗauki kaya fiye da ƙima, ya kuma rage shan mai. Wannan babi zai bi waɗannan gyare-gyare ɗaya bayan ɗaya, ya bayyana abin da kowanne ke haifarwa a cikin inji, sannan ya rarrabe waɗanda ilimin kanikanci ya goyi bayansu da waɗanda ribarsu ta yau ke komawa asarar gobe.

Ƙasar da hanyoyinta

Sabon Birni da Isa ƙananan hukumomi ne maƙwabtan juna da ke kwarin Gulbin Rima, a tsakiyar tsohuwar ƙasar Gobir. Kufan Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗa hannun masu jihadi a 1808, yana cikin ƙasar Sabon Birni, kuma Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun kafa Tsibiri kusa da Maraɗi bayan yaƙin Gawakuke na 1836, daga can ne wani reshe na gidan sarautar ya dawo ya kafa Sabon Birni a cikin ƙarni na 19. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata daga baya ta raba dangi ɗaya gida biyu, amma ba ta raba kasuwanci da zumunci ba, tun da yake Sabon Birni ta fi kusa da Maraɗi a kan birnin Sakkwato, wanda ke da nisan fiye da kilomita 130. Saboda haka motar wannan yanki tana aiki ne tsakanin ƙasashe biyu, Nijeriya da Nijar, masu kuɗi daban da farashin mai daban.

Hanyoyi biyu ne suka haɗa yankin da Sakkwato. Ɗaya ta bi ta Goronyo zuwa Sabon Birni, sannan ta gangara kudu zuwa Isa, ɗayar kuma ta rabu daga Marnona ta ratsa dajin Gundumi ta faɗa Isa kai tsaye. Daga Isa hanya ta wuce Shinkafi a Jihar Zamfara, ta kai Ƙaura Namoda, inda layin dogo ya tsaya a 1929, sannan ta zarce Gusau. Da zarar an sauka daga waɗannan hanyoyi zuwa ƙauyuka sai a shiga burji da turbar yashi da laka ta fadama, kuma kowane lokaci na shekara da irin wahalar da yake kawo wa inji: hunturu na zuwa da ƙura mai laushi, bazara da zafin da kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, damina kuma da ambaliyar gulbi da taɓon da ke kama taya. A shekarun baya-bayan nan matsalar 'yan bindiga ta ƙara wani nauyin, domin lalacewar mota a tsakiyar daji ta tashi daga ɓata lokaci ta koma barazana ga rai.

Motocin da suka zauna da ƙasar

Tsofaffin direbobi har yanzu da Peugeot suke auna kowace mota. Kamfanin ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma akori-kura ƙirar 404 da doguwar 504 ta fasinja sun mamaye tashoshin Arewa na tsawon shekaru, saboda tayoyin baya ne ke tura su, cikinsu ya ɗaga daga ƙasa, injinsu kuma na kafireta ne wanda bakanike zai iya kwancewa ya mayar da sifana da sukudireba a gindin bishiya. Kafireta ita ce na'urar da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji, ba tare da taimakon lantarki ba. Bayan faɗuwar darajar Naira daga 1986, sabuwar mota ta gagari yawancin masu sufuri, sai kasuwa ta koma ga motocin hannu da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a biyo da su ta Gaya zuwa Ƙonni ko Maraɗi, a shigo da su Nijeriya, har zuwa Janairun 2017 lokacin da gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Ta wannan hanya Golf da Sharan da Hiace da Hilux suka maye gurbin Peugeot, kuma da yawansu suka zo da injekta, wato tsarin da ƙwaƙwalwar lantarki ke auna man da za a fesa wa inji gwargwadon bayanan da take samu daga ƙananan na'urorin ji da aka dasa a jikinsa.

Babur ya fi mota yawa da tasiri a ƙauyuka, domin shi ne kabu-kabu, shi ne motar asibiti, shi ne mai kai amfanin gona kasuwa. Yawancin baburan da ake gani, na Sin da na Indiya irin su Jincheng da Bajaj Boxer, ƙananan injina ne masu silinda ɗaya da iska ke sanyayawa, kuma da dama daga na Sin an kwaikwayo su ne daga Honda CG 125, wanda aka fito da shi a 1975 musamman domin ƙasashen da ba a cika yi wa inji sabis a kan lokaci ba. Irin wannan ƙaramin inji ne kuma ke cikin famfon ban ruwa na masu noman rani a fadamar Rima da janareton shago, shi ya sa bakaniken babur kan gyara duka ukun.

Ƙura da zafi

Injin fetur ya fi shan iska a kan mai nesa ba kusa ba. Domin ƙonewa ta cika, ana buƙatar iska mai nauyin kusan ninki 14.7 na nauyin fetur, wanda ke nufin kowace lita 1 ta fetur tana tafiya da iska kimanin lita 9,000. A hunturu wannan iska cike take da ƙurar yashi, ƙwayar yashi kuwa ta fi ƙarfen silinda tauri, don haka duk wadda ta tsallake matatar iska sai ta kankare bangon silinda da zoben fistan. Sakamakon shi ne injin ya rasa matsi, ya fara shan baƙin mai, ya riƙa fitar da shuɗin hayaƙi. Al'adar cire matatar idan ta toshe, ko huda ta, ko hura ta da iska mai ƙarfi har takardarta ta yage, tana sa mota ta yi kamar ta warke na 'yan kwanaki, amma ita ce hanya mafi sauri zuwa ga sauke inji. Tsofaffin manyan motoci suna da matata mai kwanon baƙin mai da ke kama ƙura, wadda ake wankewa a sake zuba mai, kuma ta dace da wannan ƙasa ƙwarai. Motocin yanzu kuwa ba su da wata mafita sai sauya matatar takarda da wuri fiye da yadda littafin mota ya faɗa.

A wajen zafi, gyaran da ya fi yaɗuwa shi ne cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye da makunni don ta riƙa juyawa ba tsayawa. Tamostat wata 'yar ƙofa ce da ke tsare ruwa a cikin inji har ya kai zafin aiki, wajen digiri 80 zuwa 90, sannan ta buɗe ya tafi lagireto ya huce. Hujjar masu cire ta ita ce an yi ta ne domin ƙasashen ƙanƙara. Gaskiyar lamarin ita ce kowane inji yana da zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, kuma idan ya kasa kai wannan zafi, kamar yadda ke faruwa da asubahin hunturu ko a doguwar tafiya da dare, ƙwaƙwalwar motar injekta za ta ɗauka injin bai ɗumama ba, ta ci gaba da ƙara masa mai. Ragowar man da bai ƙone ba yana wanke baƙin man da ke bangon silinda, ya kuma tsinka wanda ke cikin kwano. Abin da ke sa mota zafi da gaske yawanci lagireto ne da ya toshe da gishirin ruwan rijiya da tsatsa, ko fankar da ta raunana, ko murfin lagireto da ya saki, domin murfin ne ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa sai ya kusa digiri 120. Sauya siririn lagireto da mai layi biyu, wanda kanikawa ke yawan ba da shawara, gyara ne mai ma'ana a ƙasa mai irin wannan zafi, haka ma amfani da ruwan sanyaya inji na kanti a maimakon ruwan rijiya.

Baƙin mai ma yana da nasa saɓanin. Lambobin da ke jikin galan, irin su 20W-50 ko 5W-30, suna nuna kaurin man a sanyi da kuma a zafi. Mai kauri ya dace da tsohon injin da sassansa suka saki, amma injinan zamani suna da ƙananan hanyoyin mai da ke buƙatar wanda zai ratsa su nan take da an tayar da mota, kuma zuba musu mai kauri saboda tsoron zafi yana jinkirta isar mai ga saman inji, yana kuma ƙara shan fetur. Mafi haɗari shi ne man da ake aunawa a kwalba ba tare da an san asalinsa ba. Babur, wanda baƙin mansa bai wuce kimanin lita 1 ba, kuma yake wuni yana aiki cikin ƙura, ya fi kowace na'ura buƙatar juye a kan kari.

Ƙarin ƙarfi domin lodi

Ribar mai motar haya tana cikin yawan abin da ya ɗauka a sawu ɗaya, shi ya sa kusan kowace akori-kura da ke zuwa kasuwannin yankin an ƙara mata ganyen sifirin a baya, wasu kuma an ɗaga su an sa musu manyan tayoyi. Ƙarin sifirin yana hana mota durƙushewa, amma bai ƙara wa birki ƙarfi ba, bai kuma ƙara wa gatari da taya juriya ba, ga shi kayan da aka jibga sama suna ɗaga cibiyar nauyin mota har ta zama mai saurin kifewa a kwana. Taya mai ɗauke da nauyin da ya fi ƙarfinta tana lanƙwasa tana miƙewa a kowane juyi, wannan kuwa yana tara zafi a cikinta, idan ya haɗu da zafin kwalta a bazara sai ta fashe. Tayoyin hannu da ake shigowa da su suna ƙara haɗarin, domin roba na tsufa ko da zanenta bai cinye ba, kuma lambobi 4 da ke gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta ga wanda ya san karanta su.

Akwai dabarar da direbobin yashi suka daɗe da sani, wadda ilimi ya tabbatar: rage iskar taya kafin shiga turba mai yashi yana faɗaɗa tafinta, ya hana ta nutsewa. Sharaɗin shi ne a mayar da iskar da zarar an hau kwalta, abin da sau da yawa ba a yi saboda babu mai faci a kusa. A ɓangaren babur, ana tsawaita kujera, a yi waldar kariya mai ƙarfi, a ƙara abin tare gargada, sannan a sauya faifan sarƙa mai haƙora na tayar baya. Babban faifai yana ba babur ƙarfin jan kaya a yashi amma yana rage gudu ya ƙara shan mai a doguwar hanya, ƙarami kuma yana yin akasin haka, don haka zaɓin ya danganta ga hanyar da mai babur ya fi bi.

Farashin mai da siyasar iyaka

Shekaru da dama tallafin gwamnati ya sa fetur ya fi araha a Nijeriya a kan Nijar, ko bayan da matatar Zinder mai tace ganga 20,000 a rana ta fara aiki a 2011, kuma wannan bambanci ya raya fataucin mai a jarkoki ta ɓarauniyar hanya a duk tsawon iyaka. Matakan da hukuma ta ɗauka don daƙile shi sun fi faɗawa kan mazauna yankin. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kuma a Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai ga gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka. A Satumban 2021 gwamnatin Jihar Sakkwato ƙarƙashin Aminu Waziri Tambuwal ta kafa dokar tsaro da ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, ta hana sayar da fetur a jarka, ta ƙayyade yawan man da za a sayar wa mai mota a ƙananan hukumomin da rikicin ya shafa, duk da nufin yanke wa 'yan bindiga hanyar samun man babur. Daga nan sai jawabin Shugaba Bola Tinubu na 29 ga Mayun 2023 ya kawo ƙarshen tallafi, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen Naira 500 cikin kwanaki, ta haura Naira 1,000 a Oktoban 2024. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya sake jawo rufe iyaka har zuwa Maris na 2024.

Duk lokacin da famfon gidan mai ya bushe, 'yan bumburutu ne ke cike gurbin, wato masu sayar da fetur a galan da kwalabe a bakin hanya. Amfaninsu a fili yake ga ƙauyen da ba shi da gidan mai, amma man da ya yi ta yawo daga jarka zuwa jarka yana ɗaukar ƙura da ruwa, wani lokaci kuma a gauraya shi da abin da ya fi shi araha. Kafireta kan haƙura da datti har a kwance ta a wanke, amma bakin injekta ƙananan huda ne da ƙwayar datti kaɗan ke toshewa, famfon mai na lantarki da ke cikin tanki kuma fetur ɗin ne ke sanyaya shi, saboda haka al'adar yawo da lita 2 ko 3 a tanki, wadda tsada ta tilasta wa mutane, tana gajarta ransa.

Dabarun tsimi: na gaskiya da na ruɗi

Dabarar da ta fi shahara tsakanin 'yan kabu-kabu ita ce a ce wa bakanike ya “rage mai”, wato ya matse sukurun kafireta ko ya sa ƙaramin jet, wanda shi ne ɗan bututun da ke ƙayyade man da ke wucewa. Idan kafiretar tana ba da mai fiye da kima, wanda ake ganewa da baƙin hayaƙi da fulogi mai baƙin toka, gyaran daidai ne. Idan kuwa aka wuce gona da iri har iska ta rinjayi mai, injin zai riƙa zafi, ƙarfinsa ya ragu, mai babur ya ƙara murɗa totur don cike giɓin, a ƙarshe bawul ya ƙone ko fistan ya huje. Launin fulogi shi ne shaidar da gogaggun kanikawa ke dubawa: ruwan ƙasa-ƙasa alamar daidaito ne, fari fat kuwa alamar inji na cikin yunwa.

Dabara ta biyu ita ce cire giya ko kashe mota a gangara. A motar kafireta ana ɗan samun ragi, amma yawancin motocin injekta suna yanke mai gaba ɗaya idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur alhali mota na cikin giya, don haka mayar da ita firi yana sa ta sha man da za ta riƙe kanta da shi a banza. Kashe inji kuwa yana ɗauke taimakon da birki da sitiyari ke samu daga gare shi, wanda a mota mai lodi ganganci ne. Ta uku ita ce fasa tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda ke ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam da ke sa ana sayen cikinta da daraja. Idan ta toshe tana shaƙe inji da gaske, amma idan lafiyarta ƙalau cire ta ba ya ƙara komai sai guba a iska, kuma idan aka lalata na'urar jin iskar oksijin da ke kusa da ita, ƙwaƙwalwar mota ta rasa ma'aunin da take daidaita mai da shi, sai shan mai ya ƙaru.

Tsimin da ya tabbata yana wuraren da ba su da ban sha'awa: iskar taya daidai, fulogi mai kyau, birkin da ba ya kamawa, saitin ƙafafu, sarƙar babur mai mai da daidaiton ɗauri, da tuƙi ba fizga. Gudu ma yana da farashi, domin turjiyar iska tana ƙaruwa ninki 4 idan gudu ya ninka sau 2, kayan da aka ɗaure a rufin mota kuma suna ƙara ta. A nan ne tsaro da tsimi ke karo da juna, tun da direban da ke ratsa wurin da ake tare hanya ba zai yi tafiyar a hankali don ya tsira da lita ɗaya ba, kuma rufe gajeriyar hanya yana tilasta zagaye mai cin mai. Hanyar sanin gaskiyar shan mota ita ce a cika tanki, a rubuta lambar maleji, a yi tafiya, a sake cikawa, a raba litocin da nisan da aka yi. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta ƙone lita 26 a tafiyar kilomita 260, kuma ƙarin kashi 10 cikin 100 saboda sakaci yana nufin lita 2.6 a kowane sawu, abin da a wata guda ya fi kuɗin matata da fulogi da juye a haɗe.

Wasan mota da tsere

Sha'awar gudu ba baƙuwa ba ce a ƙasar da ta gaji sukuwar dawaki, kuma matasa sun mayar da ita kan babur da mota. A rakiyar amarya da bukukuwan sallah da gangamin siyasa ana ganin masu ɗaga tayar gaba, da masu juya mota a wuri ɗaya har ƙura ta turnuƙe, da masu huda salansa domin ƙara. Ƙarar salansa ba ta nufin ƙarin ƙarfi, domin a ƙaramin inji buɗe ta ba tare da sake daidaita kafireta ba yana rage jan babur a lokacin da inji ke juyawa a hankali. Babbar matsalar wannan wasa ita ce a kan titin jama'a ake yin sa, ba hular kwano, ba shinge tsakanin mai wasa da 'yan kallo.

Tsararren tsere ya taɓa kusantar wannan yanki. Gasar Paris zuwa Dakar, wadda Thierry Sabine ya kafa, ta ratsa Agadas da Yamai tun zagayenta na farko a 1979, ta kuma yi shekaru tana bin hamadar Tenere, Peugeot ta lashe ta sau 4 a jere daga 1987 zuwa 1990, kafin a mayar da gasar Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020. Ƙirar 504 da direbobin Arewa suka sani ta lashe gasar Safari ta Kenya a 1975 da 1978, bikin kamun kifi na Argungu kuma ya daɗe yana haɗawa da jerin gwanon motoci masu doguwar tafiya. Abin lura a irin waɗannan gasanni shi ne ba mafi gudu ne ke yawan yin nasara ba, wanda motarsa ta kai ƙarshe lafiya ne, kuma shirin da ake yi wa motar, wato kare cikinta da faranti, inganta matatar iska, ƙarfafa ƙafafu da faɗaɗa lagireto, shi ne kusan abin da bakaniken Isa ke yi wa motar kasuwa.

Gareji a zamanin ƙwaƙwalwar lantarki

Ana koyon kanikanci a yankin ne ta hanyar zama gaban maigida, inda yaro zai fara da wankin sassa da miƙa sifana, ya yi shekaru kafin a yaye shi ya buɗe nasa wurin. Aikin ya rabu tsakanin mai inji da mai wayarin da mai walda da mai faci, kayan gyara kuma daga Sakkwato da Gusau da Kano suke zuwa. Wannan tarbiyya ta samar da mutanen da ke gane ciwon inji da kunne da hanci, masu iya ƙirƙiro sashen da babu shi a kasuwa. Rauninta yana bayyana ne a gaban motar injekta, wadda ke ajiye bayanin matsalarta a ƙwaƙwalwa, kuma tun 1996 a Amurka da 2001 a Turai doka ta wajabta wa motocin fetur wata kafa da ake jona na'urar bincike a karanta wannan bayani. Inda babu na'urar sai a koma canki-canka, a yi ta sauya sassa masu lafiya, ko a cire ƙwan gargaɗin da ke gaban direba, wasu ma su sauke injekta su ɗora kafireta, mota ta tashi amma shan manta ya ƙaru.

Tsadar fetur ta sa wasu manoman rani mayar da famfunansu kan gas ɗin girki, gwamnatin tarayya kuma tun 2023 take tallata mayar da motoci kan matsattsen gas, sai dai amfanin wannan ya rataya ne ga samun tashar cikawa a kusa da kuma tukunyar da aka ƙera domin matsin, domin tukunyar da aka yi wa walda a gareji tana iya fashewa. Kafin waɗannan su wadata, abin da zai fi rage wa mai mota asara a Sabon Birni da Isa kayan aiki ne masu sauƙin kuɗi: na'urar bincike da ake haɗawa da wayar hannu, ma'aunin iskar taya, da littafin da ake rubuta ranar juye da litocin da aka sha. Ƙungiyoyin kanikawa da na direbobi, waɗanda ke da rassa a kusan kowace tasha, su ne suka fi dacewa su sayi irin waɗannan na'urori a haɗin gwiwa su kuma shirya wa yaran gareji horo a kan karanta su, domin motocin da za su shigo yankin nan gaba duk masu ƙwaƙwalwar lantarki ne.